Lacca kan ginin Kantaji na Dinajpur, gidan bautar Hindu da aka lulluɓe da gasasshiyar laka

Assalamu alaikum warahmatullah. Malamaina da ke zaune a gaba, ɗalibai, 'yan uwa maza da mata, barkanmu da yamma. Na baya kuna ji na? Toh madalla. Don Allah a rage fitilar nan ta gaba don hotunan su fito sosai.

Yau Bangaladesh za mu je, can arewa maso yammacin ƙasar, gundumar Dinajpur, wani ƙauye da ake ce wa Kantanagar a gefen kogin Dhepa, kamar kilomita 20 arewa da garin Dinajpur ɗin kansa. Akwai wani tsohon gidan bauta na mabiya addinin Hindu a wurin, Kantaji ake ce masa, wasu su rubuta Kantajew, an gina shi ne don Krishna, wanda duk mai kallon finafinan Indiya a cikinku ya san sunan, shi ne ɗin nan da ake zanawa shuɗi da sarewa a hannu. Kuma tun kafin wani ya ɗaga hannu, eh na sani gidan gunki ne, mu ba bauta ta kawo mu ba, gini muka zo karantawa, kuma kafin mu tashi za ku ga cewa kusan rabin dabarun da ke jikin ginin nan daga masallaci aka ɗauko su. Wannan ita ce maganar da nake so ku tafi gida da ita.

Abu na farko ƙasar kanta. Yankin Bengal, wato Bangaladesh ta yau haɗe da jihar Bengal ta Yamma da ke Indiya, yawancinsa ƙasa ce da manyan koguna biyu suka kwaso suka jibge, Ganga da Brahmaputra, shekara da shekaru suna sauko da taɓo daga duwatsun Himalaya suna shimfiɗawa har bakin teku. Sai ka wuni kana tafiya ba ka ga dutsen da za ka jefi kare da shi ba. Mai son dutse sai ya aika tuddan Rajmahal a faso masa baƙin dutse a ɗoro a jirgin ruwa, wannan kuwa aikin mai sarauta ne ba na kowa ba. Shi ya sa waɗancan manya-manyan gidajen bauta na dutse da ake sassaƙawa a jihar Odisha ta gabashin Indiya ko kudancin Indiya ba kasafai za ka gan su a nan ba. Abun da Allah ya hore musu shi ne laka mai laushi marar tsakuwa, sai gora, sai itacen wuta.

Mu ma ai 'yan laka ne, tubali da makuba muka gada, amma mu ba ma gasa tubalinmu, rana ce ke busar mana da shi, don damunarmu gajeriya ce, ruwan Kano a shekara bai cika kaiwa milimita 1,000 ba, ka yi yaɓe kafin ruwa ya sauka ka gyara indararo shikenan gidanka ya tsira. Su kuwa ruwan da ke zubo musu ya kusa ninka namu biyu, ga ambaliya, ga laimar da ba ta barin iska, ɗanyen tubali a can in dai babban gini ne ba zai yi ƙarko ba. Dole sai an sa wa lakar wuta ta zama jan bulo. Kuma sun daɗe da iya wannan, don ba nisa da Dinajpur akwai kangon Paharpur, wata babbar makarantar mabiya Buddha da sarki Dharmapala ya gina wajen ƙarshen ƙarni na 8, an samu allunan gasasshiyar laka sama da 2,000 a jikinta, da hotunan mutane da dabbobi da makaɗa. Kenan kusan shekara 900 kafin Kantaji hannun mutanen yankin ya riga ya faɗa da sana'ar.

A matsa hoto na gaba. Wannan bukkar manomi ce ta Bengal, ku dubi rufin. Ba miƙaƙƙe ba ne, a lanƙwashe yake, tsakiya ta ɗaga, kusurwoyi sun sunkuyo ƙasa, saboda da gora ake yin jinkar, ita kuwa gora in ka lanƙwasa ta ta fi ɗaukar nauyi, kuma ruwa ba ya samun wurin kwanciya a kan ciyawar. Su suna kiran rufin chala, mai gangare biyu do-chala, mai huɗu char-chala. Toh wa ya fara ɗaukar wannan lanƙwasar ta bukka ya mai da ita ginin bulo? Sarakunan Musulmi ne.

Musulmi sun kafa mulki a Bengal wajen 1204 ta hannun Bakhtiyar Khalji, zuwa tsakiyar ƙarni na 14 kuma Shamsuddin Ilyas Shah ya ɓalle daga Delhi suka zama daular kansu, hedkwata a Pandua da Gaur. Ɗansa Sikandar Shah shi ya gina masallacin Adina wajen 1375, ƙaton gaske. Amma ginin da ya fi shafar maganarmu shi ne hubbaren Eklakhi a Pandua na farkon ƙarni na 15, wanda ake dangantawa da Sultan Jalaluddin Muhammad Shah, shi kansa ɗan wani basaraken Hindu ne mai suna Raja Ganesha, musulunta ya yi. Ku dubi bakin rufin hubbaren, ga lanƙwasar bukkar nan an yi ta da bulo, alhali bulo ba ya buƙatar ta, ba gora ba ce, kawai dai ido ya saba gani kuma sarakunan suna so gininsu ya yi kama da na ƙasar da suke mulka, kada a ce kwaikwayon Delhi suke yi. Daga nan abun ya zama yayi, masallatan Bengal kusan duk suka ɗauka. Har sarakunan Mugal, Musulmin nan masu mulkin Indiya, da suka ci ƙasar a 1576 sai da rufin ya burge su suka tafi da shi, in ka je fadar Lahor akwai wani ɗakin marmara na zamanin Shah Jahan da ake ce wa Naulakha, rufinsa na bukkar Bengal ne sak.

Abu biyu kuma magina suka samu a zamanin sarakunan nan. Na ɗaya baka da ƙubba. Tsofaffin gidajen bautar Indiya galibi in za a rufe ɗaki jera dutse ko bulo ake yi, kowane layi ya ɗan leƙo kan na ƙasansa har su haɗe a sama, wannan yana aiki amma ba ya ba ka fili, ɗakin ƙarami ne mai duhu bango kuma kauri. Baka ta gaskiya wadda ake jera bulo a karkace kowane ya tokare ɗan uwansa, da ƙubba a kanta, masallatai ne suka yaɗa su a Bengal, saboda masallaci jam'i yake so, sahu yake so. Na biyu adon laka. Masallaci ba a sa hoton mai rai, don haka masu sana'ar suka zuba gwanintarsu a fure da ganye da reshe da fitila mai rataye da sarƙa, in kun ga masallacin Bagha na Rajshahi na 1523 zamanin Nusrat Shah har mangwaro aka zana a bangonsa. Ku riƙe furannin nan a ranku, za mu sake haɗuwa da su.

Sai ɓangaren addinin su Hindu ɗin. A 1486 aka haifi wani mutum a garin Nabadwip, Chaitanya, wanda ya zo da wata sabuwar hanya ta bautar Krishna, ba ta dogara da dogon karatun malamansu na Brahmin ba, so da shauƙi ne, a taru a fili ana waƙa ana kaɗa ganga ana rawa ana ambaton sunansa, suna ce wa wannan kirtan, kuma ƙofa a buɗe take ga na ƙasa da na sama. Abun ya bazu a Bengal sosai. Toh mu magina me ya shafe mu? Ya shafe mu don bautar da ake yi a taro ba irin ginin da take so ɗaya ba ne da wadda mutum ɗaya zai shiga ƙuryar ɗaki ya yi. Ana son haraba mai faɗi, ana son baranda mai ƙofofi a buɗe yadda na tsakar fili zai hango abun bautar, ana son bangon da ke kallon jama'a ya ba su labarin Krishna tunda yawancinsu ba karatu suke ba. Duk wannan tsohon salo ba zai bayar ba, salon masallaci ne ke da baka da barandar da za ta yi. Sai magina suka ɗauko abun da hannunsu ya riga ya iya.

Inda aka fara ganin wannan da kyau shi ne Bishnupur, a Indiya take yanzu, inda sarakunan Malla tun daga Bir Hambir suka karɓi hanyar Chaitanya. Shyam Rai 1643, mai hasumiya biyar. Jor Bangla 1655, wannan kam bukka biyu ce aka jingina da juna aka yi su da bulo aka ɗora ƙaramar hasumiya a kai. Madan Mohan 1694, mai hasumiya ɗaya. Hasumiyoyin nan su suke kira ratna, ana yin ɗaya, biyar, tara, har a kai 25 in mai ginin yana ji da kansa. Kantaji mai tara ne, navaratna, kuma ya zo ne a lokacin da salon ya riga ya nuna.

Yanzu wa ya biya kuɗin? Don gini ba ya tashi da addu'a kawai (dariya). A 1700 sarkin Mugal Aurangzeb ya tura wani ma'aikacinsa Murshid Quli Khan ya kula da harajin Bengal, mutum ne mai tsanani kan kuɗi, shi ne daga baya ya zama Nawab, wato mai mulkin Bengal, garin Murshidabad sunansa ya ci. Tsarin da ya bi shi ne ya tattara karɓar haraji a hannun wasu 'yan manyan gidaje masu ƙasa, zamindar ake ce musu, yawancinsu Hindu ne, su karɓo daga manoma su kai wa gwamnati kasonta su riƙe saura. Burdwan, Rajshahi, Nadia, Dinajpur, waɗannan su ne manyan. Mai gidan Dinajpur a lokacin Maharaja Prannath ne, maharaja wato babban sarki, shi ya fara ginin Kantaji a farkon ƙarni na 18, bai ga ƙarshensa ba, ɗan da ya riƙa Maharaja Ramnath shi ya ƙarasa, kuma rubutun Sanskrit, tsohon harshen addininsu, da ke kan dutse a jikin dakalin ginin ya ba da shekarar 1674 a lissafinsu na Shaka, wato 1752 kenan. Mutanen wurin suna ba da labarin wai Prannath daga Vrindavan ya taho da gunkin, garin da suke cewa a nan Krishna ya yi ƙuruciyarsa, wannan labarin baka ne. Abun lura dai shi ne a ƙarƙashin mulkin Musulmi aka yi ginin, da kuɗin harajin shinkafa, kuma ni a ganina ibada da nuna isa duk suna ciki, mutumin da ba shi da rundunar da zai ci ƙasa amma yana so a kira shi maharaja ina zai nuna sarautar? A gini.

Toh ga shi nan, a ɗan tsaya a wannan hoton. Murabba'i ne, kowane gefe kusan mita 16, an ɗora shi a kan dakalin dutse mai tsayin kamar mita ɗaya, dutsen ma ana kyautata zaton daga kangon wani tsohon birni Bangarh aka kwaso shi, kun ga tsadar dutse kenan. Hawa uku ne, kowane hawa ya fi na ƙasansa ƙanƙanta. A can tsakiya akwai ɗan ƙaramin ɗaki kamar mita 3 a kan 3, shi ne cibiyar ginin, ya tashi sama ya ratsa dukkan hawan, sai aka zagaye shi da lunguna da baranda kamar ɓawo a kan ɓawo. Kowane gefe na ƙasa yana da ƙofofin baka uku, bakar mai haƙora-haƙora irin ta Mugal, ginshiƙan bulo biyu gajeru masu kauri a tsakaninsu. Ta kowane gefe ka ɓullo akwai buɗaɗɗiyar fuska. Ga kuma bakin rufin nan a lanƙwashe, ya ɗaga a tsakiya ya sunkuya a kusurwa, bukkar manomi kenan ta biyo ta hubbaren sultan ta iso gidan Krishna. Akwai wata matsattsiyar matakala a ɓangaren yamma da ake hawa sama, mutum ɗaya take ɗauka.

Ku lura da kusurwoyin. A kowace kusurwa ta hawan ƙasa da na biyu an yi ɗan ƙaramin ɗaki mai kaurin bango, ba don a zauna ba, aikinsa ya ɗauki nauyin hasumiyar da ke kansa. Huɗu a kan hawan farko, huɗu a kan na biyu, ɗaya babba a tsakiya can ƙoli, tara kenan. Da suna nan ginin kama yake da irin ƙaton keken da suke ja da igiya ranar bikinsu, ratha. Yanzu kun ga ba ko ɗaya, za mu zo kan dalili.

Amma abun da ke kai mutane Kantanagar ba tsarin ba ne, fatar ginin ce. Daga dakali har sama babu inda za ka aza tafin hannu ba ka taɓa zane ba, bango da ginshiƙai da goshin ƙofofi, duk ƙananan allunan gasasshiyar laka ne aka jera, dubbai. Masu wannan aiki a Bengal galibi 'yan wani rukuni ne da ake kira sutradhar, asalinsu masassaƙa ne, kafintoci, kuma in ka dubi yankan za ka ga hannun masassaƙi, yadda yake shiga ƙarƙashin hoto ya fito da shi. Ana ɗebo laka a tace ta a cuɗa, a yi allo a bar shi ya sha iska, kafin ya bushe ƙarƙaf yana da ɗan danshi a zauna da wuƙa da tsinke a sassaƙa. Abun da ke maimaituwa kamar fure da ganye ana iya buga shi da ma'auni guda, amma hotunan labari ɗaya bayan ɗaya ake yin su. Sai a busar a inuwa, a kai matoya. Ga inda gwanintar take, laka tana tsukewa in ta bushe kuma ta ƙara tsukewa a wuta, wani allon ya tsage wani ya karkace, kai kuma kana da hoton jerin gwanon giwaye da ya ratsa allo goma, dole ƙafar giwa ta wannan allo ta haɗu da cikinta a na gaba, kuma kan bakar ƙofa kowane allo da irin karkatarsa. Kenan tun kafin a taɓa laka an riga an lissafa bangon gaba ɗaya. Abun liƙawa kuma ba siminti ba ne, farar ƙasa ce ake kwaɓawa da garin jan bulo da aka daka, suna ce masa surki, yana daɗewa kafin ya kama amma yana barin bango ya yi numfashi.

A ƙaro girman hoton nan. Daga ƙasa ake karanta bangon. Layin farko furanni ne, sai layi na biyu rayuwar mutanen lokacin, sai kuma wani layin na manyan furanni buɗaɗɗu, kun tuna su? Su ne na masallatan sultan, ba a ma canza su ba. Daga nan sama sai labaran addininsu. Ga Ravana mai kai goma ya sace Sita matar jarumi Rama, ga tsuntsu Jatayu yana ƙoƙarin tare shi, ga rundunar birai ta Rama, wannan daga littafinsu na Ramayana. Ga yaƙe-yaƙen wani littafin nasu, Mahabharata, kekunan doki da masu baka da kibiya. Sai Krishna da ya fi kowa samun fili tunda gidansa ne, yana yaro, yana faɗa da macijin nan Kaliya, yana kashe dodanni, yana rawa da masoyiyarsa Radha da 'yan matan makiyaya. Wani abu da masana suka lura shi ne ba kamar wasu gidajen bauta na Odisha ba, nan an kame sosai wajen hotunan batsa, har soyayyar Radha da Krishna da kunya aka zana ta.

Ni dai layi na biyun nan shi ne nawa, can ƙasa daidai gwiwa inda sai ka tsuguna za ka gani. Ga farauta, mahaya suna bin namun daji. Ga jerin gwanon giwaye da dawakai da raƙuma da keken shanu. Ga zamindar da tumbinsa ya harɗe a cikin abun ɗaukar nan da barori ke saɓawa a kafaɗa, yana zuƙar shisha mai doguwar igiya, wani na biye da shi. Ga dogayen kwale-kwale cike da masu shaƙatawa da makaɗa. Ga dogarai da tufafin Mugal, ga kuma wasu sojoji da kaya irin na Turawa da takubba har da bindigogi. Ku tuna 1752 aka gama, shekara 5 kacal kafin yaƙin Plassey na 1757 inda kamfanin Ingila ya kayar da Nawab Siraj ud-Daulah, wato mutanen da za su ƙwace ƙasar sun riga sun shiga bangon tun ana kallonsu a matsayin 'yan kasuwa da sojan haya. Har gumakan da ke sama ma in ka duba rawunansu da kayan dawakinsu na mutanen ƙarni na 18 ne, maginin abun da ya gani a hanya shi ya sa musu. Sai dai in ka bi layin da ido za ka ga yawanci masu gida ne da barorinsu, manomin da ya noma shinkafar da ta biya kuɗin in ya fito to yana ƙarƙashin kaya ne ko yana tuƙa jirgin wani.

Hasumiyoyin kuma. Ranar 12 ga Yuni 1897 aka yi wata gagarumar girgizar ƙasa da ta taso daga tudun Shillong a Assam, ƙarfinta ya kai kusan maki 8, ta kashe mutum sama da 1,500, ta rusa gine-ginen bulo a arewacin Bengal har Kalkata sai da ta ji. Ita ta zubar da hasumiyoyin Kantaji duka tara. Ku da ke karanta gini kun san dalili, abu siriri dogo mai nauyi a saman gini, ba ƙarfe a ciki, ƙasa na kaɗawa shi ne farkon tafiya, jikin ginin kuwa da yake gajere ne mai faɗi da bango cikin bango sai ya tsaya. Akwai hoton da aka ɗauka a 1871 da ke nuna su a tsaye, ga shi nan, ku gwada da na yanzu. A farkon ƙarni na 20 Maharaja Girijanath ya yi wa ginin babban gyara amma bai mai da hasumiyoyin ba.

Kafin in rufe hotunan ga wani ɗan ƙaramin masallaci, Nayabad, mai ƙubba uku, tafiyar ƙafa ce daga Kantaji, rubutun kan ƙofarsa ya nuna 1793. Mutanen yankin suna cewa magina Musulmi da suka zo aikin gidan bautar ne suka zauna a wurin suka gina wa kansu. Shi ma da adon gasasshiyar laka, furanni kawai. A wannan 1793 ɗin ne kuma Ingilishi ƙarƙashin gwamnansu Cornwallis suka kafa dokar haraji ta dindindin, zamindar da ya kasa biya a ranar da aka sa a yi gwanjon ƙasarsa, gidaje da yawa sun karye a haka har da na Dinajpur da ya yi asarar ƙasa mai yawa. Sannu a hankali kuma masu kuɗin Bengal suka koma sha'awar gini irin na Turawa da shafen farar ƙasa, sana'ar allon laka ta yi ta ja baya. Rabuwar 1947 ta raba gundumar Dinajpur gida biyu, Kantanagar ta faɗo a Pakistan ta Gabas, dokar 1950 ta soke tsarin zamindar, a 1971 ƙasar ta zama Bangaladesh. Yau ginin yana cikin waɗanda hukumar kayan tarihi ta ƙasar ke karewa.

Toh a kunna fitila, in da mai tambaya. Na'am, 'yata, ke mai jan mayafi.

Tambayarta ita ce ko har yanzu ana amfani da wurin ko ya zama na 'yan yawon buɗe ido kawai. Ana amfani da shi sosai. Duk shekara gab da bikin haihuwar Krishna ana ɗaukar gunkin a jirgin ruwa a bi kogi a kai shi tsohuwar fadar Dinajpur, jama'a na tsaye a gaɓa, ya yi kamar wata uku a can, sannan a dawo da shi don bikin Rash da ake yi a cikar watansu na Kartik, wajen Nuwamba, kuma ana cin kasuwar bikin kusan wata guda, Musulmin yankin ma suna zuwa saye da sayarwa.

Kai kuma ɗan samari, ɗaga murya. Wai me ya sa ba za a sake gina hasumiyoyin ba tunda ga hoto. Toh ni in aka tambaye ni ba zan goyi baya ba. Na farko hoton gefe guda ne daga nesa, ba zai gaya maka abun da ke kan kowane allo ba, ƙirƙira za ka yi ka jingina wa mutanen da suka mutu. Na biyu za ka ɗora tan-tan na nauyi a kan bangon da girgiza ta riga ta taɓa, a yankin da har gobe ƙasa na motsi. Kuma ma ba hasumiya ce matsalar ginin ba yanzu, ruwa ne. Danshi yana tasowa daga ƙasa ta cikin bulo yana ɗauke da gishiri, in ruwan ya bushe gishirin ya ƙanƙare a cikin ramukan lakar ya tura fuskar allon waje, sai ka ga hancin mutum ko ƙafar doki ta zama gari, kuma layin ƙasan nan da na ce muku na fi so shi ne ya fi kusa da danshin da hannun masu shafawa. Sai gansakuka, sai 'ya'yan itace irin dangin cediya da tsuntsaye ke kasayarwa a tsagar rufi, saiwarsu ta shiga ta buɗa bango. Mafi muni kuma mai gyara da kyakkyawar niyya ya zo da buhun siminti ya toshe tsaga, siminti ya fi tsohon bulo tauri kuma ba ya barin ruwa ya fita, sai danshin ya juya ya fita ta cikin allon da ake so a ceta. Ni da za a ba ni kuɗin hasumiya tara, magudanar ruwa zan fara yi a zagaye da dakalin, in sa a cire duk simintin da aka samu a mai da farar ƙasa da surki, in ɗauki hoton kowane allo in ba shi lamba, sannan in nemo 'yan tsirarun da suka rage masu iya sassaƙa laka a yankin in biya su su koyar da yara.